Gammon Kyamara Ya Rasu, Kogi Yana Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ya fi baƙin cikin yawa, ni Badaru Mukhtar, tsohon malamin labarin ƙasa, mazaunin unguwar Bakin Jinga a nan Haɗeja, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu yi mini dariya cewa ranar Talata gammon kyamarata ya rasu. A sama ya rasu, yana bakin aiki, kogi kuma yana cika.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi Liman Fannami ko ya halatta in faɗi haka a kan tsumma da roba. Ya ce, "Malam Badaru, kowane rashi ana yi masa istirja'i. Salla ce dai ba za mu yi ba, kada ma ka soma." Na karɓi fatawar tare da sharaɗinta.

Da yawanku ba ku san mamacin ba, ko da yake kun ci moriyarsa. Jirgina kuka sani, ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ake tuƙa shi daga ƙasa da rimot, wanda ɗana Musaddiq ya kawo mini shekarar da na ajiye alli, don kada zaman banza ya sa in koma gyara wa mutane magana a majalisa. Kun kuma san kyamarar da ke rataye a ƙarƙashinsa. To, tsakanin cikin jirgin da kyamarar akwai wani ɗan zobe na tsumma da roba, bai fi awarwaro girma ba. Shi ne mamacin. Duk wani hoto da na taɓa nuna muku na jingar da ta tare mana kogi, kuka ga rami a matsayin rami, kuka ga tsaga a matsayin tsaga, aikinsa ne. Jirgi aka riƙa yi wa kirari, shi ko sunansa ba a tambaya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a garinmu.

Domin a san girman rashin, sai na yi ɗan darasi. Wanda ya gudu daga ajina a da, yau ba shi da taga.

Jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin natsuwa. Rawar jiki yake yi tun daga tashi har sauka, kuma rawar iri biyu ce. Akwai babba, wadda iska ko hannun matuƙi ke jawowa, hoto ya riƙa tangaɗi kamar kwale-kwale a tsakiyar gulbi. Wannan da sauƙi, mutum yana koyon hannu ta ragu. Akwai kuma ƙarama, wadda ke fitowa daga farfela da inji. Ido ba ya ganin ta a jikin jirgi, amma kyamara tana shanye ta duka. Ita ce muguwar. Ita ke sa turken lantarki ya riƙa lanƙwasa kamar maciji, katanga ta yi igiyar ruwa, ƙasa mai ƙarfi ta koma tana motsi. Bidiyon farko da na ɗauko na bakin kogi, na tara mutane a zaure na nuna musu. Haruna, tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ne shugaban masu aikin gayyar jinga, ya kalla ya kalla, ya ce, "Malam, kogin ne wannan ko kunu ake damawa?" Wani dattijo ya nemi a fitar da shi ya sha iska.

Na karanta duk abin da hannuna ya kai a kan maganin wannan cuta. Na cire fukafukan farfela, na ɗora su a kan kaifin reza, ina liƙa wa mai rashin nauyi guntun salatef har suka yi kai ɗaya. Rawar ta ragu, ba ta tafi ba. Na ɗaure kowane noti. Na sa soson katifa a ƙarƙashin kyamara, ya yi laushi da yawa, ta riƙa lilo. Na yanka silifa na sa, ya yi tauri da yawa, ya miƙa mata rawar duka bai rage ko ƙwaya ba, kamar masinjan da ba ya buɗe saƙo. Na gwada gyaran kwamfuta. Ita kwamfuta dabararta ɗaya ce: ta yanke gefen hoto, ta shafe abin da ba ta gane ba, ta ba ka tsakiya mai kyau. Ni kuwa gefen nake nema, da abin da ba a gane ba.

An haifi mamacin a tsakar gidana, a hannun matata, marigayiya Malama Saude, wadda ta ƙare rayuwar aikinta tana koya wa 'yan mata lissafi. Ta daɗe tana kallona ina fama. Wata rana ta ce, "Malam, ka taɓa ganin an ɗora tulu a tsurar kai ba gammo?"

Na ce, "Malama, wannan kimiyya ce."

Ta ce, "To kimiyyar taka tana sa ni jiri. Miƙo mini almakashi."

Kada wani ya ɗauka nan take aka dace. Gammonta na farko zallan tsumma ne, kyamara ta riƙa gyangyaɗi a kansa, ita da kanta ta yi dariya har da hawaye. Na biyu zallar robar cikin tayar keke ne, bai fi silifata da komai ba, kuma na tabbatar na sanar da ita haka. Sai ni na kawo shawarar a ƙara wa kyamarar nauyi, domin abu mai nauyi ya fi wuyar girgizawa, ta ciro kwaɗon akwatin aurenta ta ba ni na ɗaure a ƙarƙashi. Ita kuma ta ɗauki robar ta yi mata zobe, ta yago bakin wata tsohuwar atamfarta mai ruwan ganye, ta riƙa naɗawa tana latsawa da babban yatsa, ta warware, ta sake naɗawa. Ina can ina fama da batir, ban ga yadda ta ƙare ba. Na dai ji ta ce, "Ungo. Ba laushi, ba tauri. Kamar kai da safe kafin ka karanta labarai."

Na ɗora kyamara a kansa, ya ce ƙiiƙ. Wannan ce kalmarsa ta farko, kuma kusan ita kaɗai ya sani.

Na tashi jirgi ya bi bakin kogi ya dawo. Muka zauna a kan tabarma ɗaya muka buɗe bidiyon. Ga gorubar bayan gari a tsaye, ana iya bin kowane ganye da ido. Ga wani zalɓe a cikin ruwa da ƙafa ɗaya, har inuwar ƙafar ana gani. Ga turken lantarki a miƙe kamar an ja shi da rula. Malama ba ta ɗauko tabaraunta ba, don haka fuskata take kallo maimakon kwamfutar. Ta ce, "Ya tsaya?"

Na ce, "Da saura."

Malami ne ni, ban saba ba da maki cikakke a gwajin farko ba. Na ƙudurta a raina sai na gwada shi a iskar hadari tukuna, sannan in yanke hukunci a gabanta yadda ya dace. Ta ce, "Allah ya nuna mana ranar da babu saura," ta tashi ta shiga ɗaki. Kafin hadarin farko na shekarar ya haɗo, ciwo ya kwantar da ita. Kafin ruwa ya sauka sosai mun kai ta maƙabartar yamma.

Game da halin mamacin, zan faɗi abin da na sani, kuma ba a san ni da yabon kowa ba.

Mai haƙuri ne. Duk rawar da jirgi ke yi a jikinsa take ƙarewa, bai taɓa miƙa ta gaba ba. Na zauna da mutane da yawa, ban ga wanda aka girgiza da safe bai girgiza na ƙasa da shi kafin azahar ba. Mai kawaici ne. In ban da ƙiiƙ ɗin nan da yake yi idan an ɗora masa kaya, wadda na ɗauke ta a matsayin sallama, ba a jin bakinsa. Mai gaskiya ne. Bai ƙara wa hoto komai ba, bai rage ba. Damina bayan damina ya bi jingar nan daga wannan kai zuwa wancan. Shi ya nuna mana ramukan gafiya a ɓangaren kasuwa tun ruwa bai gano su ba. Shi ya nuna inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa har kogi ya fara neman wata hanyar ta cikin gonakin shinkafa. Shi ya gano kwale-kwalen Sa'idu mai fito lokacin da igiya ta tsinke ruwa ya tafi da shi can ƙasa da gari, ya maƙale a cikin kacala inda ba mai gani daga ƙasa. A duk tsawon hidimarsa bai kafa kwamiti ba, bai nemi a kafa masa allo da sunansa ba, bai taɓa zuwa duba ɓarna da jerin motoci bayan ruwa ya janye ba.

Gaskiyarsa kuwa ba kullum take da daɗi ba. A babbar ambaliyar da ta wuce, aka roƙe ni in duba wani ƙauye da ke ƙasa da mu, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda mutanensa suna nan da ransu. Jingarsu ta fashe ta gefen maƙabarta. Jirgi ya isa, na ga fararen abubuwa a warwatse cikin kacala. Na ce balbelu ne. Na rage tsayi. Balbela tana jin ƙarar jirgin nan take tashi. Waɗannan ba su tashi ba. Na ƙara rage tsayi, jirgi yana tangaɗi, amma hoton yana nan tas, har ɗaurin likkafani ana gani. Ran nan na roƙi Allah hoton ya yi rawa, in samu abin da zan ce wa kaina. Mamacin bai yi mini wannan alfarma ba.

Tun daga ranar ban sake kallon maƙabartar yamma da ido ɗaya da na da ba. Kowa ya san inda take: a kwari, bayanta jingine da jinga, daidai gindin tsohuwar tsamiya. Bayan maƙabartar kuma gidajenmu ne, babu tudu ko ɗaya a tsakani. Idan ruwa ya shigo ta nan, da matattunmu zai fara, sannan ya kawo mana su har ƙofar gida.

Yanzu sai jinyarsa. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma dole in faɗe shi don a gane ciwon. Bayan rasuwar Malama, duk lokacin da na buɗe akwatin jirgi, ƙamshin humrarta ne yake fara tarbata. Ban yi mamaki ba da farko, atamfarta ce, tsumma kuma yana riƙe turare. Shekara ta juyo, ƙamshin yana nan. Wata shekarar ta juyo, yana nan, wani lokaci ma har ya fi na jiya ƙarfi. Na duba littattafai a kan yadda turare ke barin tufafi, ban ga wanda ya ba shi wannan wa'adin ba. Sai na daina dubawa. Ni da na shekara da shekaru ina hana yara cewa aljanu ne ke tayar da guguwa, na koma ina yin sallama kafin in buɗe akwati. Wani lokaci abin yana ba ni tsoro. Ban so ya daina ba.

A daminar bana alamun ciwo suka bayyana. Ya fara danƙo a hannu. Sallamarsa ta sauya, ƙiiƙ ta koma fus, kamar numfashin mai barci. Gefen hoto ya soma ɗan kaɗawa. Na ɗora laifin a kan farfela, na sake zama da reza da salatef. Farfela ba ta da laifi.

Ranar Talata da hantsi na tura jirgi ɓangaren yamma. Ruwa ya riga ya yanke hanyar ƙafa zuwa can, kacala kuma ta rufe gaban jingar, don haka tun da kogi ya fara cika babu wanda ya taka wurin. Jirgi ya wuce gonakin shinkafa, waɗanda yanzu kan zangarniya kawai ake gani. Ya kusa tsamiya. Sai hoton da ke gabana ya yi tsalle sau ɗaya, daga nan komai ya koma kunun Haruna. Ban ji kalmarsa ta ƙarshe ba, yana nesa. Na juyo da jirgi da ƙyar, kyamara tana reto a jikin zaren da nake ɗaura mata saboda irin wannan rana. Da na warware atamfar, na tarar robar ciki ta narke ta tsinke, baƙa, mai yauƙi, kamar alewar da aka manta a rana. Tana ƙamshi.

Washegari 'Yar'azumi ta zo. Ƙanwar Malama ce, ita ke zuwa duk Juma'a ta kawo mini abinci, ta share ɗaki, ta gaya mini laifuffukana. Ta ji labari ne ta zo ba ranarta ba. Ta same ni zaune da gawar a kan faranti.

Ta ce, "Mijin Yaya, me ya sami ɗan zanen Yaya?"

Na ce, "Ya mutu."

Ta ce, "Ikon Allah. Ga shi Juma'ar da ta wuce ma sai da na turara shi."

Na ce, "Kika yi me?"

Ta ce, "Na turara shi mana. Kana masallaci nake ciro shi in ɗora a kan kasko ya sha hayaƙi, in shafa masa humra in mayar. Zanen Yaya ne fa. Ka taɓa ganin Yaya ta fita ba ƙamshi? Kai in an bar ka sai ya riƙa warin giris kamar ɗan gareji."

Na yi mata bayani a hankali, da muryar aji, cewa mai da zafi su ne ajalin roba, sannu a hankali suke cin ta daga ciki. Ta riƙe haɓa. Ta ce, "To ni ina na san da roba a ciki? Kai kuma da duk karatun nan naka, shekara da shekaru kana jin ƙamshi, ka ɗauka daga ina yake fitowa?"

Na mai da ido kan faranti. Ta dube ni, ta sake dubana. Sai ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ina sanar da jama'a cewa iyalan mamaci ba sa tuhumar kowa. Ƙauna ce ta kashe shi, a hannun wadda ta fi kowa kula da shi. Ni dai na yi rashi biyu a faranti ɗaya, kuma na biyun ba shi da gawar da za a binne.

An yi ƙoƙarin samun magaji. 'Yar'azumi ta share hawaye ta ce gammo ai ba baƙonta ba ne, ta naɗa. Nata na ɗaukar tulu ne, kyamara ta nutse a ciki tana lilo. Na naɗa nawa da sabuwar roba, ya fito da taurin kai irin na mai shi. Muka haɗa hannu, ita tana naɗi ina gwadawa, har la'asar. Kowanne ko ya yi laushi ko ya yi tauri. Abin da Malama ta ji a babban yatsanta ran nan ta tafi da shi. Na kira Musaddiq, ya ce in kwantar da hankalina, zai aiko da sabon jirgi na zamani mai farfela huɗu, wanda ke riƙe kyamararsa da kansa, da zarar hanya ta yi kyau. Na gode masa. Ban ji kogi ya ce zai jira direba ba.

Mamacin ya bar wasiyya guda, ita ce ta hana ni sukuni. A ɗan bidiyon da ya ɗauko daidai lokacin da yake cikawa, akwai wani baƙin layi da ya ratsa jinga a gindin tsamiya. A wani hoton yana miƙe. A na gaba ya lanƙwashe. A na gaba babu shi. Ƙaramar rawa tana iya zana irin wannan layin a inda babu komai, na sha gani. Tsaga ma haka take fitowa, ita ma na sha gani. Na ba kwamfuta ta gyara, ta shafe layin gaba ɗaya ta ba ni jinga mai kyau kamar ta cikin kalanda. Na kalli abin nan har idona ya fara ruwa. Da mamacin ya ƙara numfashi kaɗan, da na sani.

Na kai wa Haruna. Yana ɓangaren kasuwa da mutanensa, cikin taɓo har gwiwa, inda ruwa ke tsatsafowa a fili. Ya goge hannu a riga ya karɓi waya.

Ya ce, "Malam, a gafarce ni, ni ban ga komai ba sai jiri."

Na ce, "Dubi gindin tsamiya."

Ya ce, "Na duba. Yanzu akwai, yanzu babu. Mutanena ke nan, ka gan su, tun jiya wasu ba su ga gida ba. In kwashe su daga inda nake ganin ruwa da idona in kai su inda hoto ke rawa?" Ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi a aji idan zai faɗi abin da zai jawo masa bulala. Ya ce, "Malam, don Allah kada ka yi fushi. Da a wani wurin layin nan yake, ba bayan kabarin Malama ba, za ka gan shi haka?"

Ni na koya wa yaron nan karanta taswira. Ban taɓa jin ya yi tambaya mai kyau irin wannan ba. Ban sani ba. Idona ba shaida ba ne a kan wannan wuri, na yarda. Shi ya sa nake buƙatar mamacin, wanda ba shi da kowa a maƙabartar.

Ina jin tsoro, kuma na tsufa da yin kunyar faɗa. Na kafa kara a bayan gidana ina duba ruwa da shi, duk sanda na leƙa sai in ga ya ƙara guntu. Yanzu na daina leƙawa, sai in aika ido ta taga in janye. Kogi ya daina ƙara, ya koma wani gunji mai zurfi da ake ji a tafin ƙafa. Awakin maƙwabcina sun ƙi kwanciya a ƙasa, suna kan turmi da buhuna. Ina zuba shayi ina kallon kofin yana kaɗawa, ban san ko tsufa ne ko tsoro ba, kuma babu gammon da zan sa tsakanina da hannuna. Idan na rufe ido, balbelun nan nake gani, waɗanda ba sa tashi. Ɗaya daga cikinsu na san tsawonta.

Mamacin ya rasu ya bar jirgi ɗaya mai rawar jiki, wanda yanzu ba shi da mai rufa masa asiri. Ya bar kyamara, wadda ke gani amma ba a yarda da shaidarta. Ya bar rimot, da batura biyu, ɗaya cikinsa ya kumbura, likitoci sun ce a fara haƙuri. Ya bar kwaɗon akwati, abokin aikinsa tun ranar haihuwa, wanda makullinsa ya riga su duka ɓata. Ya bar 'Yar'azumi, wadda ta rantse ba za ta ƙara kunna kasko a gidana ba, na ce mata ban yarda da rantsuwar ba. Ya bar unguwa guda da ke kwana a bayan tarin ƙasa. Ya bar ni.

Ga yadda za a yi jana'iza. A yafe mini jinkirin, na san ba al'adarmu ba ce a ajiye gawa, neman magaji ne ya ja.

Ba za a yi wanka ba, turare kuwa ya sha wanda ya ishe shi. Za a sa shi a buhun shinkafa, a cika buhun da ƙasa, a ɗinke. Za a binne shi gobe Juma'a da sassafe, da zarar gari ya yi haske, a kan jingar yamma, daidai gindin tsamiya, inda ya cika. Sa'idu mai fito ya ce mamacin yana da alheri a wuyansa, zai kawo kwale-kwalensa da na ƙannensa bayan makarantar firamare, su yi ta fiton masu rakiya har sai kowa ya haye. Ya ce zai sare kacalar da ke gaba da adda, amma kada a sa manyan riguna.

Ba a buƙatar goro ko dabino, ba kuma za a yi zaman makoki ba. Duk mai zuwa rakiya ya zo da cebur da buhu, wanda ke da buhu biyu ya zo da biyu. Mata, tun da ba sa zuwa maƙabarta, su haɗu a ƙofar gidana, 'Yar'azumi tana karɓar tsofaffin buhuna tana ɗinke masu huji, ta ce kowace ta zo da basillarta kuma ban da surutu, amma na san ita da kanta za ta fara karya dokar. Liman Fannami ya aiko cewa yana nan a kan bakansa, salla ba zai yi ba, amma yana da cebur.

Ban nemi Haruna ya ɗaga mutum ko ɗaya daga ɓangaren kasuwa ba, yana kan gaskiyarsa. Sauranku nake gayyata: 'yan majalisar mai shayi, da masu sharhin ambaliya daga kan benci, da tsofaffin ɗalibaina da suka yi ƙiba, da duk wanda ya taɓa tambayata ko jirgina yana zuwa Makka. Na san abin da nake yi, ku ma kun sani. Na zauna da ku tsawon rayuwata. Ba za ku tashi saboda bidiyo mai rawa ba, amma ban taɓa ganin an kira ku jana'iza kun ƙi zuwa ba.

Idan muka isa muka tarar jinga lafiya lau, layin nan rawar hoto ce da tsoron tsoho, to kun yi asarar safiya, ku jera buhunanku duk da haka, ku zage ni a hanyar dawowa, zan saurara ban gyara wa kowa magana ba. Idan kuwa muka tarar da tsaga, buhun mamacin shi zai fara shiga, naku su biyo baya, mu ga ko za mu riga kogi.

Roƙona na ƙarshe, idan an gama, kuma idan ruwa ya bar hanya, a bar ni in gangara bayan jingar ni kaɗai na ɗan lokaci. Kada kowa ya biyo ni. Akwai sakamakon gwaji da na riƙe, ina jiran iskar hadari, mai shi kuma ba ta jira ba. An yi hadari da yawa tun daga lokacin, na gwada shi a cikin kowanne.

Malama, babu saura. Tun tashin farko ya tsaya.